Neman Jirgin Kwal a Faraku

Tun da muka dawo daga Faraku ban huta da tambaya ba. A makarantar da nake koyarwa a tare ni, a bakin masallacinmu na Ƙofar Sauri a tare ni, har wurin zaman makoki wani ya matso bayan an shafa addu'a ya ce mini ƙasa-ƙasa, "Malam Kabir, wai da gaske ne jandarmomi sun kama ku saboda jirgi?" Na gaji da maimaitawa, ga shi duk wanda na ba labarin sai ya ƙara nasa gishirin kafin ya kai wa na gaba. Jiya na ji har an kai ga cewa an aske mana kai a ƙasar waje. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda abin ya faru, mai tambaya ya karanta ya ƙyale ni.

Mu uku muka yi tafiyar: ni, da Alhaji Sada, da Malam Lawal mai hoto. A gari ana ce mana 'yan reluwe, kuma ba don girmamawa ba. Dalili kuwa, mu masu son jirgin ƙasa ne a garin da babu layin dogo ko taku ɗaya. Bakatsine in yana son jin kukan jirgi sai ya yi guzuri ya nufi Kano ko Funtuwa. Amma duk la'asar za ka same mu a kan benci a ƙofar shagon hoton Lawal da ke Ƙofar 'Yandaka, muna musu a kan kawunan jiragen da suka daina motsi tun kafin a haifi rabin masu wucewa suna mana dariya.

Alhaji Sada ne babbanmu, ɗan kasuwar yadi, gidansa na Kambarawa. A Funtuwa ya tashi, bayan tashar jirgi, inda mahaifinsa ke awon auduga, kuma har yau a wurinsa jirgi iri ɗaya ne a duniya: mai cin kwal, mai fitar da tururi, wanda in ya taso ƙasa ke rawa. Lawal kuwa ɗan dizal ne. Bai taɓa ganin na kwal yana tafiya ba, don haka ya yanke hukuncin ba a yi asarar komai ba. Ni malamin labarin ƙasa ne, abin da na fi sani game da jirgi shi ne baƙin zaren da ake zanawa a taswira. Saboda haka aka naɗa ni alƙali, kuma kowannensu na zargina da goyon bayan ɗayan.

"Wanga abu da kake yabo," Lawal kan ce, "murhu ne aka sa ma taya. Mutum biyu na ciki suna gasuwa kamar tsire don kawai a kai buhun gyaɗa Zariya."

"Kai kuma naka fa? Injin niƙa ne, Lawal. Rufe ido ka saurara, in ba ka ji kamar ana markaɗen wake ba ka zage ni. Na kwal numfashi yake yi. Abu ne mai rai."

"Mai rai ne, shi ya sa ya mutu."

Haka muke shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa ja da baya.

A daminar bana, bayan soja sun miƙa mulki ga farar hula, wani direba mai suna Ɗanjuma, cikin masu shigo da motoci daga Kwatano, ya zo ɗaukar hoton fasfo. Ya ji musunmu ya sa baki. Ya ce shi da idonsa ya ga jirgi a Faraku, can cikin ƙasar Benin, wato tsohuwar Dahomi, yana tafe yana tuƙar da hayaƙi baƙi ƙirin har rana na dushewa.

Alhaji ya miƙe tsaye. "Baƙi ƙirin ka ce?"

"Kamar an cinna ma tayoyi wuta, Alhaji."

"Na kwal ne! Wallahi na kwal ne. Mutanen Dahomi ba su yar da kaya kamar mu."

Na ɗauka maganar za ta mutu a kan benci kamar sauran. Sai ga Alhaji washegari da jaka sabuwa, yana tambaya yaushe hutuna zai ƙare. Na ce mu bari sai rani, hanya ta bushe. Ya ce rani ya yi nisa. Lawal bai buƙaci lallashi ba. Shekarun baya wasu sojoji sun taɓa sa shi tsallen kwaɗo a Zariya don ya nuna wa kan jirgi kyamara, tun daga nan yake jiran ranar fansa. "Yanzu mulkin farar hula ne," in ji shi, "mutum na da 'yancin ya ɗauki hoton duk abin da ya ga dama." Ya sayi fim mai kala, ya rufe shago. Muka bi ta Nijar bisa shawarar Ɗanjuma, wanda ya ce titinsu ya fi lafiya.

A kan iyaka, bayan Jibiya, jami'inmu ya duba takardu ya tambayi abin da zai kai mu ƙasar waje.

"Kallon jirgi," in ji Alhaji.

Ya ɗago kai. "Na sama?"

"Na ƙasa."

Ya ajiye biro. "Alhaji, da girmanka. In mota za ku sayo ku ce mota. In atamfa ce ku ce atamfa, ba a kanku aka fara ba. Jirgi ba ga shi nan Kano ba?"

"Na Kano injin niƙa ne."

"Ƙarya ne, ranka ya daɗe," in ji Lawal, "kada ka biye mashi."

Nan musu ya kaure a gaban teburin hukuma, layi ya taru a bayanmu. Jami'in ya kira abokin aikinsa ya zo ya ji da kunnensa, sannan ya buga mana hatimi da sauri, irin na wanda ke son a ba shi wuri.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne, farar hularmu a Jibiya ta tsaya. Mu mun rabu da soja, su kuma 'yan Nijar a bana soja ne ke riƙe da su. Lawal na hango jan hula da bindiga a Ɗan Isa, ɗan 'yancin nan nasa ya bi iska. Ya fizgi robar dambun naman da Hajiyar Alhaji ta yi mana guzuri, ya tura kyamara har ƙasa ya rufe. Muka wuce lafiya. Amma tun daga ranar har muka dawo, duk inda ya ɗaga kyamarar nan ƙudaje ke riga shi isa wurin.

A tashar Maraɗi muka sha shayi da burodinsu, dogo kamar taɓarya, in ka gutsira sai dasashinka ya faɗa maka. Wani dattijo da ke jiran mota ɗaya da mu ya tambaye mu 'yan ina ne. Muka ce Katsinawa.

"A'a," in ji shi. "Mu ne Katsinawa. Ku masu gadin gida ne da muka bari lokacin da muka taso."

Alhaji ya ce to gadin ya yi tsawo, su zo su karɓi kayansu. Da dattijon ya ji abin da ya fito da mu, bai yi dariya ba, shi ne mutum na farko da bai yi ba. Ya ce ai jirgin da za mu gani har da su a cikinsa, don ƙasarsu na da kaso a kamfanin, da ma'aikata da ofis, layin dogon ne kawai bai iso ba tukuna. Ana jiransa tun yana saurayi. Alhaji ya kama hannunsa ya riƙe. Ya ce mu ma lokacin yaƙin neman zaɓe duk ɗan takarar da ya zo Katsina sai ya yi mana alkawarin jirgi, har ya rasa wanda zai ƙi zaɓa. "Ashe da gaske jini ɗaya ne," in ji shi.

Daga Maraɗi zuwa Doso tafiya ce mai cin rai. Motar tsohuwa ce, rufinta na yoyo daidai kan Lawal, ya yi tafiyar rungume da robar dambu kamar jariri. Abin da ya ba ni mamaki shingayensu. Igiya ce kawai aka ɗaura tsakanin ganguna biyu, amma direba na taka birki tun daga nesa kamar ya ga katanga. Kowa ya sauko, ya miƙa abin da suke kira kartidante, wato katin shaida, ya tsaya shiru. A gida ko ƙarfe aka gitta sai an yi musu, wani ya ce ba a san ko shi waye ba. Wani abu kuma, da rana ta take kowa sai ya rufe wurin aikinsa ya tafi ya kwanta sai ta yi sanyi. Na ce wannan lalaci ne. Alhaji ya ce a'a, gaskiya ce ta yi musu yawa: mu ma barcin muke yi, sai dai mu a kan tebur, ƙofa a buɗe.

Doso garin Zabarmawa ne. Muka sauka a ɗakin baƙi na wani Bagobiri kusa da tasha, tabarma uku da buta ɗaya. Wajen abinci Alhaji ya gwada dabararsa ta magana da wanda ba ya jin Hausa, wato ya ɗaga murya. Ya yi wa mai abincin ihun "TUWO" har sau nawa, ita kuwa tana murmushi ta zuba masa dambu da zogale. Sai da ya cinye, ya sa aka ƙara, sannan ta ce masa da Hausa tsantsa, "Alhaji, da ka yi a hankali ma ina ji."

Gari na gaba Gaya, bakin iyaka ta biyu. A nan aka sauke mu muka taka gadar kogin Kwara da ƙafa zuwa Malanbil. Shekaru ina zana kogin nan da alli a kan allo, ina dukan tebur in yaro ya lanƙwasa shi ba daidai ba, ban taɓa ganinsa ba sai ranar. Ya cika ya batse, ja-ja, kwale-kwale na yawo a kansa kamar ɓawon gyaɗa. Muna tsakiyar gadar na ji an kama hannun rigata.

"Malam Kabir," in ji Alhaji a hankali, "ruwan na da faɗi?"

Na juyo na dube shi. Fuskarsa na kallon kogin sosai.

"Haske kawai nake gani," ya ce. "Idon dama ya tafi tun bara. Na hagu ma ya fara, kamar ina leƙe ta ramin makulli. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ba yana ba ce balle a cire."

Sai a lokacin na tuna yadda kwanan nan yake barin yaran shago su zaɓa wa mata launin yadi, da yadda ya riƙe kafaɗata wajen sauka daga mota, ni kuma na ɗauka tsufa ne.

"Kada ka faɗa ma Lawal," ya ce. "In ya sani zai daina zagin jirgina. Ni kuwa ba na son a tausaya mani."

Na yi alkawari. Da na waiwaya, ga Lawal taku biyu a bayanmu, rungume da robarsa, yana kallon ruwa kamar bai taɓa ganin ruwa ba. Muka gama da jami'an Malanbil muka shiga motar kudu. Muna zama Lawal ya gyara murya.

"Alhaji, wai in mun samu murhun nan naka, mu sayi doya mu tafi da ita ko akwai a can?"

Daga nan har Kandi bai raga wa jirgin kwal ba. Ban taɓa jin ya zage shi da ƙwazo irin na ranar ba. Alhaji kuwa sai ramawa yake, fuskarsa fal annuri.

Faraku gari ne babba, kore shar, ga jar ƙasa. 'Yan acaɓarsu duk riga iri ɗaya da lamba a baya kamar 'yan makaranta, kuma mata na tuƙa babur da kaya a kai ba mai waiwayensu sai mu. Muka sauka a Zango, gidan wani Alhaji Isufu, wanda kakanninsa fataken goro ne daga Kano da suka yada zango suka manta da tashi. Hausarsa ta tsofaffi ce, an yayyafa mata Faransanci. Ya karɓe mu kamar ya san da zuwanmu, aka kawo sakwara mai laushi da miyar gyaɗa, da wasu yanka-yanka masu jan baya a ciki. Alhaji Sada ya taɓa ɗaya da yatsa, ya ja hannu, ya tambayi wa ya yanka.

"Ba a yanka ba," in ji mai masaukinmu.

"Innalillahi! Mushe?"

"Nono ne, Alhaji. Cukun Fulani ne, ake soyawa."

Alhaji ya ce shi duk zamansa da Fulani bai taɓa ganin nonon da ake tauna ba, amma bai bar ko ɗaya a kwano ba.

Da hantsi muka nufi tashar jirgi, wadda su ke kira lagar. Aka ce jirgin Kwatano na nan tafe. Muka samu inuwa muka zauna, lokacin da aka faɗa ya yi ya wuce, ba jirgi ba labarinsa. A duk tafiyar nan, a nan ne kawai muka ji kamar muna gida.

Can rana ta ɗaga sai ga hayaƙi daga kudu, bayan itatuwa. Ɗanjuma bai yi ƙarya ba. Baƙi ƙirin, ya turnuƙe sama kamar gobarar kasuwa. Har Alhaji ya gan shi. Ya miƙe, hannunsa a kan kafaɗata, yana cewa, "Ga shi nan. Ga shi nan, Malam Kabir. Lawal, shirya abinka."

Sai ƙarar ta iso. Alhaji ya karkata kai ya saurara. Na ji hannunsa ya yi sanyi a kafaɗata, ya sauka. Abin ya shigo tasha yana tari, ɗan ƙaramin kan jirgi mai kusurwa huɗu, fentinsa ya koɗe, mai na tsiyaya ta gefensa, hayaƙi na fita ta sama da ta inda bai kamata ba.

"Lawal."

"Na'am, Alhaji."

"Injin niƙanka ne."

Na dubi Lawal. Na ɗauka haƙuri zai ba shi. Sai ya ce, "Shi ne, Alhaji, ba shi da lafiya ne. Ka ga ikon Allah: sai dizal ya kusa mutuwa sannan yake kama da naka."

Abin da Alhaji ya mayar masa ba zai rubutu ba. Duk wanda ya san bakin Katsinawa ya cike gurbin da kansa.

To tunda an zo an zo. Lawal ya goge kyamara da gefen riga, ya kore ƙudaje, ya durƙusa yana neman kusurwa. Ya danna sau ɗaya ke nan aka dafa shi ta baya. Jandarmomi biyu, wato 'yan sandan can masu kakin soja. Ba su ɗaga murya ba, ba su taɓa kowa da mari ba, suka dai nuna mana hanya da ladabin da ya fi mari ban tsoro.

A ofis muka tarar da babbansu, wani ƙaƙƙarfa mai gashin baki, kyamarar na gabansa a kan tebur. Aka kira wani jandarma ɗan Kandi mai jin Hausa ya yi tafinta. Lawal ya tattaro ƙarfin hali ya yi jawabi. Ya ce mu baƙi ne daga Najeriya, ƙasar da farar hula ke mulki, kuma a mulkin farar hula ɗan ƙasa na da 'yanci. Babban ya saurara har ƙarshe, ya tambayi yaushe muka samu farar hular.

"Bana," in ji Lawal.

Da aka fassara masa ya yi dariya har da buga tebur. Tafinta ya ce, "Wai in gaya muku su sun yi shekaru da tasu, har ta fara tsufa. Kuma hoto a lagar sai da takardar izini daga Kwatano. Wai ku yi haƙuri, sabon shiga ne ku, za ku gane."

Sannan ya ce doka ta ce a zare fim, a riƙe kyamara. Nan na ga Lawal ya yi fari. Kyamarar nan ita ce shagonsa, ita ce tuwon gidansa, ba shi da wata. Alhaji ya cire hula ya shiga roƙo, yana cewa shi ya jawo yaron nan, shi za a riƙe. Babban bai kula shi ba. Ya ɗauki kyamarar yana jujjuyawa, ya kai ta hanci ya shinshina, ya dube mu, ya sake shinshinawa. Ya tambayi tafinta wani abu.

"Wai me ya sa take ƙamshin nama?"

Muka yi bayani. Ya jinjina kai kamar wanda ya ƙaru da ilimi. Ya shafa sabbin igiyoyin da ke kafaɗarsa, sannan ya sake tambaya, wannan karon murya ƙasa.

"Wai mai kala take ɗauka?"

Ashe an ƙara masa girma kwanan nan, bai samu ya yi hoto da sabon muƙamin ba. Kafin mu ankara an fito da mu dandalin tasha, wurin da aka haramta hoto, an jera jandarmomi a gaban dizal mara lafiya. Lawal na riƙe kyamara ya koma Lawal na Ƙofar 'Yandaka. Mutumin da ɗazu ake shirin ƙwace wa kyamara, ga shi yana daka wa babban jandarma tsawa: "Ɗaga haɓa! Shigar da ciki! Ce mashi ya daina lumshe ido, ba ango ba ne!" Shi kuwa yana bi sau da ƙafa. Aka ɗauke shi shi kaɗai, aka ɗauke shi da yaransa, aka aika babur ya ɗauko matarsa ta zo da ɗaurin kallabi kamar za ta biki. Direban jirgi ya sauko ya shiga, shugaban tasha ya shiga, har mai sayar da lemo. A duk hotunan nan abin da ake gani na jirgi bai wuce fitila ɗaya da ɗan gefen taya ba. Daga ƙarshe Lawal ya ɗaga hannu ya ce fim ya ƙare. Aka yi musabaha, muka yi alkawarin aiko da hotuna ta hannun Ɗanjuma, aka sallame mu da kyamararmu.

Lokacin nan azahar ta yi. Tafintan nan ya nuna mana wani ɗan masallacin ma'aikata a bayan rumfunan gyara, ya ce akwai ruwa a can. Muka bi ta cikin ciyawa ina riƙe da hannun Alhaji. Ya gaji, kuma tun da ƙarar dizal ɗin nan ta shiga kunnensa ya zama kamar an zare masa laka.

A gefen masallacin akwai tankin ruwa, dogo, kwance a kan tubalan siminti, an shafe shi da koren fenti, an sa masa famfo a ƙarshe. Na kai Alhaji bakin famfon. Ya dafa tankin don ya tsuguna, sai ya tsaya a haka, rabi tsaye rabi tsugune. Na ga yatsunsa na bin wasu kawunan ƙusoshi da ke jere a jikin ƙarfen. Ya miƙe. Ya bi tankin da tafin hannu har ɗaya ƙarshen, inda ya samu wata ƙofa zagayayya kamar faifai. Ya miƙa hannu sama ya lalubo wani rami da aka rufe da tsohon faranti aka danne da dutse.

"Malam Kabir," ya ce, "nan bututun hayaƙi yake. Wagga tukunya ce. Tukunyar jirgin kwal ce."

Limamin wurin ya fito yana gyara rawani. Ya ce shi dai tun da ya zo ya tarar da ita a nan, kuma ruwanta ko a bazara da sanyinsa.

Muka tsaya mu uku muna kallonta. Ba taya, ba bututu, ba ɗakin direba, kaji na kiwo a ƙarƙashinta.

"Alhaji," in ji Lawal, "ka yafe mani, na zalunce shi da na ce murhu ne. Ashe buta ce."

Alhaji bai rama ba. Ya kara kunnensa a jikin ƙarfen, ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya saurari amon. Ya ce yana yaro a Funtuwa, in jirgin Gusau ya tsaya shan ruwa, mai zuba kwal kan buɗe masa ƙofar wuta ya leƙa, mahaifinsa na can yana ƙwala masa kira daga kan buhunan auduga. Ya ce rabon da ya tuna muryar mahaifinsa sosai har ya manta, sai yau. Daga nan ya naɗe hannun riga, ya tsuguna, ya buɗe famfo. Ban taɓa ganin alwala mai tsawon wannan ba.

Lawal ya dubi hagu ya dubi dama. Ashe ƙarya ya yi wa jandarmomi, saura ɗaya a fim ɗin. Ya zaro kyamara daga ƙarƙashin riga, ya ja da baya, ya riƙe numfashi, ya danna.

Dawowa ba ta da labari mai yawa, ban da cewa Alhaji ya sayo cuku a Kandi don ya nuna wa Hajiya, ya lalace tun kafin Doso, fasinjoji suka yi mana taron dangi sai da aka jefar. Jami'in Jibiya ya gane mu, ya leƙa jakunkunanmu bai ga atamfa ba, ya dube mu da tausayi na gaske.

Bayan mun huta Lawal ya kai fim Kano aka wanke. Hotunan jandarmomi sun yi kyau, matar babban ta fi kowa fitowa. Na ƙarshen kuwa ya sa aka yi masa babba. Ni na fara gani. A duk shekarun da na san Lawal bai taɓa ɗaukar hoto kamarsa ba. Kowace ƙusa ta fito ɗaya-ɗaya, ga ruwa na zuba a tafin Alhaji kamar ka taɓa ka jiƙe, ga fuskarsa a gefe yana murmushin da bai san yana yi ba.

Da la'asar Alhaji ya iso benci, wani jikansa ya rako shi ya koma. Lawal ya miƙa masa hoton. Alhaji ya kawo shi kusa da fuska. Ya matsar da shi nesa. Ya juya wajen haske, ya karkata kai yana neman inda ɗan ramin makullin nan nasa zai kama wani abu. Ya daɗe a haka, mu kuma muna kallon titi. Na gane idon ya ƙara tafiya tun dawowarmu.

Can ya sauke hoton a kan cinyarsa, ya dafe shi da hannu biyu.

"Lawal, ka ɓata shi. Duk hazo ne. Shekara nawa kana ɗaukar injin niƙa tsaf-tsaf, ranar da ka tsaya gaban jirgin gaske sai hannunka ya yi rawa?"

Lawal mutum ne da in ka ce hotonsa ya ɗan yi duhu sai ya yi mako bai gaishe ka ba. Ya sunkuyar da kai yana goge gilashin kyamara.

"Ya yi rawa, Alhaji," ya ce. "Kwarjininsa ne."